Soyayya da Bare: Daga Littafin Zane Zuwa Fim

A 2002 wata mai zane 'yar Japan, Saori Oguri, ta fara fitar da labarin zamanta da Tony László, Ba'amurke mai tushe a Hungary da Italiya. Littafin, Darling wa Gaikokujin, irin labarin zanen da Japanawa ke kira manga ne, kuma ya yi kasuwa ƙwarai. Ba rigima ce ta sayar da shi ba. Ƙananan abubuwa ne: Tony da ƙwaƙwarsa kan kalmomin Japananci, da saɓanin yau da kullum irin na mutum biyu da suka tashi a gidaje daban.

Da aka mayar da shi fim a 2010, Mao Inoue ta fito a matsayin Saori, Jonathan Sherr kuma Tony. Sai dai gajerun labaran shafi kaɗan ba sa cika fim, dole a nemo abin da zai riƙe mai kallo. Shi ya sa aka jingina labarin kan uban Saori da bai amince da auren ba, da ɓacin rai, da rabuwa, da sulhu. Abin da ya bambanta littafin ya ja baya, aka koma kan tsohuwar hanyar finafinan soyayya.

Littafin zanen Shortcomings na Adrian Tomine, wanda ya fito a 2007, wata hanya ya bi. Ben Tanaka, Ba'amurke ɗan asalin Japan, manajan sinima ne a Berkeley. Idonsa na kan Turawan mata, amma da budurwarsa Miko ta koma New York ta haɗu da wani, sai kishi ya turnuƙe shi. Da aka mayar da shi fim, Tomine da kansa ya rubuta shi, Randall Park ya ba da umarni, aka fara nuna shi a bikin Sundance na 2023. Yawancin masu sharhi sun yaba, musamman da ba a wanke Ben daga son kansa ba, ko da yake wasu na ganin fim ɗin bai kai littafin ɗaci ba.

Mai zane yana iya tsayawa kan kallo ɗaya ko shirun da ya biyo bayan baƙar magana, mai karatu ya cike sauran. Shi kuwa mai shirya fim, kuɗi ya zuba, yana son mutane su fita da murmushi. Ma'aunin masu sharhi ke nan: nawa ne daga gaskiyar zaman ya tsira bayan an zuba masa zuma.