Gajeriyar Jimla Ba Ta Sauƙaƙa Littafin Tarihi

Masu buga littattafan makaranta a Amurka sun daɗe suna auna rubutu da lissafi kafin ya kai hannun yaro. Mafi shahara shi ne ma'aunin da Rudolf Flesch ya fitar a 1948: a ƙirga kalmomin da ke cikin jimla, a ƙirga gaɓoɓin da ke cikin kalma, sai a fitar da maki, wanda yawansa ke nuna sauƙin rubutun. A 1975 aka gyara shi domin littattafan horar da sojojin ruwan Amurka, ya koma yana faɗin ajin da rubutu ya dace da shi. Edgar Dale da Jeanne Chall kuwa jerin kalmomi kusan 3,000 suka tanada, waɗanda yawancin yaran aji huɗu suka sani, duk kalmar da ba ta ciki sai a ɗauke ta mai wuya.

Matsalar ita ce tarihi ba jerin aukuwa ba ne kawai, bayanin dalilai ne, kuma dalili yana zaune ne cikin kalmomi irin su "saboda" da "duk da cewa", waɗanda su ne ke tsawaita jimla. Marubucin da ke neman maki sai ya datse su. A ce an rubuta wa yaro cewa majalisar Ingila ta ɗora haraji kan ganyen shayi, sannan a jimla ta gaba a ce mutanen Boston sun zubar da shayi a teku a 1773. Lissafi zai yaba, amma yaro bai ji cewa fushin nasu ya taso ne daga rashin wakili a majalisar da ta ɗora harajin ba, alhali nan ne darasin yake. Isabel Beck da Margaret McKeown na Jami'ar Pittsburgh sun gwada wannan da littattafan aji biyar kan juyin juya halin Amurka. Da suka sake rubuta sassan, suka mayar da dalilan da aka tsallake, rubutun ya ƙara tsawo, amma yaran suka fi fahimta, suka kuma fi riƙewa.

Wani zai ce ai ma'aunin ba shi da tsada, kwamfuta ma tana yin sa nan take, kuma yana kama jimlolin da suka miƙe ba birki. Gaskiya ne, kuma a matsayin rariyar farko yana da amfani. Sai dai ba ya sanin abin da yaro ya zo da shi a kansa. Kalmar "mulki" gajeriya ce, amma ma'anarta na da nauyi. Balle ɗan Kano ko Damagaram da ke karatu da Turanci ko Faransanci, wanda ba da irinsa aka gina waɗannan ma'aunai ba.

Tun 1953 Wilson Taylor ya kawo gwajin da ya fi kusa da mai karatu: a goge wasu kalmomi a shafi, galibi kowace ta biyar, a ce ɗalibi ya cike gurbin. Yanzu da aka dawo da darasin tarihi makarantun Najeriya, ya kamata hukumomin ilimi su riƙa kai kowane sabon littafi aji, a gwada shi da yara, a tambaye su dalilin abin da suka karanta, kafin a sa masa hannu.