Tsarin Ginshiƙai A Shafukan Intanet: Sauƙinsa Da Tsadarsa

Duk mai karatun jarida ya san ba a zuba labarai a shafi barkatai. Akan raba shafin zuwa ginshiƙai masu faɗi ɗaya, da 'yar tazara a tsakaninsu, sa'an nan a ɗora rubutu da hotuna bisa wannan awo. Masu zane na ƙasar Suwizalan ne suka mai da wannan al'ada ilmi mai ƙa'ida, musamman Josef Müller-Brockmann, wanda ya wallafa littafi a kan batun cikin 1981. Da shafukan intanet suka yawaita, sai maginansu suka ari dabarar.

To, amma harshen CSS, watau wanda ake tsara kamannin shafi da shi, bai tanadi hanyar yin ginshiƙai sosai ba a farkonsa. Saboda haka waɗansu gwanaye suka rubuta shiryayyen ƙwarangwal wanda kowa zai ɗauka ya yi gini a kai. Cikin 2008 Nathan Smith ya fito da 960 Grid System, inda aka ƙayyade faɗin shafi a kan ɗigo 960, aka raba shi ginshiƙai 12 ko 16. Hikimar ita ce, lambar 960 tana rabuwa gida 2, 3, 4, 5, 6 ko 8 ba tare da saura ba. Cikin 2011 kuma Mark Otto da Jacob Thornton, ma'aikatan kamfanin Twitter a lokacin, suka saki Bootstrap, wanda ya zo ya shafe sauran a farin jini.

Amfanin abin a fili yake. Ofishin da ma'aikacin kwamfutarsa ɗaya ne tak yana iya tsayar da shafi mai tsabta cikin 'yan kwanaki, in kuwa aka yi wa ma'aikacin canjin wurin aiki, magajinsa zai gane awon da ya tarar. Bugu da ƙari, tun daga fitowa ta 3 ta Bootstrap cikin 2013, wayar hannu ake fara yi wa tsari, ginshiƙan su jeru ɗaya bisa ɗaya a ƙaramin allo, su baje a babba. Tsohon awon 960 ya gaza a nan, domin faɗinsa kafaffe ne.

Sai dai sauƙin nan ba kyauta ba ne. Ƙwarangwal yakan zo da kaya masu yawa, maɓallai da akwatuna da sauran tarkace, waɗanda shafin ba ya amfani da galibinsu, kuma in ba a rage su ba, wayar mai karatu sai ta sauke su duka. A ƙasa irin tamu, inda jama'a suka fi shiga intanet ta waya kuma da kuɗinsu suke sayen data, ɗalibi mai duba sakamakon jarrabawa shi ke biyan kuɗin wannan lodi. Har ila yau shafukan sukan yi kama da juna, har mutum ya kasa bambanta na asibiti da na kantin takalma. Abin da ya fi muni a ganinmu shi ne yadda akan matse bayani don ya shiga ginshiƙi: jadawalin albashi mai buƙatar fili a tsuke shi, sanarwa mai layi biyu a ba ta rabin shafi. Sabunta ƙwarangwal ma aiki ne, don da Bootstrap 4 ya fito cikin 2018 an sauya sunayen umarni da dama, sai da aka bi shafuka ana gyara.

Cikin watan Maris na 2017 manhajojin Firefox da Chrome da Safari suka karɓi CSS Grid, wanda ke ba magini damar yanka ginshiƙai yadda bayaninsa ya buƙata, da layukan umarni kaɗan, ba tare da aro ba. Don haka jami'in da ɗan kwangila ya kawo wa shafin ma'aikata yana da hujjar tambayarsa nauyin shafin, da kuma dalilin ɗora ƙwarangwal sukutum in ginshiƙai kawai ake nema.