Ƙirƙirarriyar Basira da Fasahar Mutanen Karkarar Kano



Abin da aka nemi in yi bayani a kansa shi ne na'urorin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, watau waɗanda ake ba umurni da magana, su kuwa su fito da rubutu ko hoto ko waƙa. Zan dubi al'amarin ne daga ƙauyukan arewacin Kano, wajen ƙasar Dawakin Tofa da Minjibir da Bichi da Ɗambatta, domin a can za a fi gane ribarmu da hasararmu.

Da farko, ya kamata mu san yadda na'urar take aiki. Ana tara mata rubuce-rubuce da hotuna da sautuka masu ɗimbin yawa, ta yi ta lissafin wace kalma ce ta saba bin wace. In aka tambaye ta, sai ta jero abin da ya fi kama da wanda aka nuna mata, ba tare da ta tantance gaskiya da ƙarya ba. Jama'a sun fara saninta sosai a watan Nuwamba na 2022, sa'ad da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT. A shekarar ce kuma masu zana hoto irin su Midjourney suka bazu, daga baya masu haɗa waƙa irin su Suno suka biyo.

A shekarun 1960 Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi nazarin gonakin da ke kewaye da birnin Kano. Ya nuna cewa ana noma su kowace damina ba a barin su saura, amma ba su mutu ba, saboda takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kwasowa bayan sun kai itace. To, na'urar nan ma gona ce, takinta kuwa shi ne abin da aka rubuta aka sa a intanet. Mafi yawansa Turanci ne. Na Hausa kaɗan ne, na mutanen karkara ya fi ƙaranci, domin iliminsu a baki yake da hannu.

Mu ɗauki kiɗa. Mai gangar noma a wurin gayya ya san taken kowane manomi, ya san ubansa da kakansa, ya kuma san lokacin da gwiwa ta fara sanyi har ya sauya kiɗa. Na'ura tana iya rera baitoci da Hausa cikin ɗan lokaci, amma sau da yawa kunnen Bahaushe yakan ji tuntuɓe. Dalili kuwa, rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali: garin da ake zama a ciki da garin da ake tuwo da shi rubutunsu ɗaya ne. Duk da haka ba a raina ta, don mun ga yadda fiyano ya shiga ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano a shekarun 1990, ya rage wa masu kalangu kasuwa a waƙoƙin fim. Akwai amfani, domin ana iya tace tsofaffin kaset na Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, a rage musu ƙara. Akwai kuma haɗari, domin ana iya kwaikwayon muryar mamaci a sa masa kalmomin da bai taɓa faɗa ba.

Haka abin yake a zane. Ɗan masaƙi a Minjibir, ko mai ɗinkin hula, yana iya gwada fasali iri-iri a wayarsa kafin ya ɓata zare. Amma in fasalin gidansu ya shiga na'ura, wani ya fitar da shi a wata ƙasa ya sayar, wa zai biya masaƙin? Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi kariya ga fasahar gargajiya. Ya rage ga ma'aikatanmu su duba yadda kariyar za ta isa ƙauye.

Sai kuma nazari. Ɗalibi a kwalejin ilimi ta Bichi ko ta aikin gona ta Audu Bako a Ɗambatta zai amfana da na'urar wajen fahimtar littafin Turanci mai tsauri, ko wajen tsara bayanansa. Sai dai ya sani takan ƙago sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba, ta faɗe shi ba ko shakka. Wanda ya miƙa mata aikinsa kacokan, ya yi sakiyar da ba ruwa: zai fita da takarda, kansa babu komai.

Abin farin ciki, an fara zuba takin. Google Translate ya sa Hausa a 2013. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa sun fito da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter da aka tantance da Hausa da Ibo da Yarabanci da Buroka. Amma Hausar Twitter ta 'yan birni ce. Shawarata ita ce a tura ɗalibai ƙauyukansu lokacin hutu, su ɗauki waƙar daka da kirarin manoma da sunayen irin gero da dawa, da yardar masu su, a rubuta sunayensu, a biya su, a ajiye a jami'a. Wanda ya kai taki gona, shi ke da ikon faɗin abin da za a shuka.