Birtaniya da Ɗaukar Dala Ba Gammo

Babbar daula takan fara rauni ne a lokacin da kuɗin tsare ƙasashen da ta mamaye ya zarce abin da gonakinta da masana'antunta ke samarwa, kuma a kan wannan hujja ce masanin tarihi Paul Kennedy ya gina littafinsa na 1987 game da tashi da faɗuwar manyan ƙasashe. Mutanen ƙasar Zuru sun ga misalin haka a kusa, domin Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna ɗibar samarinsu aikin soja.

A Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya da Singafo a 1942, Birtaniya ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza da roba, sai ta juyo kan Nijeriya, ta tilasta wa talakawan Arewa aikin haƙar kuza a Jos, inda sanyi da yunwa suka hallaka da yawa, sannan ta tura runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma zuwa dazuzzukan ƙasar Bama. Gyaɗa kuwa hukuma ce ke yanke mata farashi ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma ta taru a Landan da sunan ajiya, wanda a zahiri rance ne da ba a nemi yardar manomi ba.

An ci yaƙin a 1945, amma baitulmalin Birtaniya ya riga ya ƙafe, har bashin gwamnati ya ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu. A 1946 ta ranto dala biliyan 3.75 daga Amurka, a 1947 ta saki Indiya, a 1949 ta karya darajar fam. Da ta kai wa Masar hari a 1956 kan mashigin Suwez, Amurka ta hana ta tallafin da fam ke buƙata, dole ta janye. Gwagwarmayar 'yan kishin ƙasa ce ta kawo 'yancin Nijeriya a 1960, sai dai ta tarar da mai mulkin da aljihunsa ya riga ya huje, kuma bashin Amurka bai ƙare biyuwa ba sai a Disamban 2006.