Labarin 'Yan Wasan Nijar A Taron Olimfik

Shekara huɗu huɗu al'umman duniya kan taru a birni guda domin gwada ƙarfi da sauri da gwaninta, shi ne taron da ake ce wa Olimfik. Manyan dauloli kamar Amurka da Sin kan aika da ayari na ɗaruruwan mutane, da likitoci da masu horo. Amma Jamhuriyar Nijar, ranar da ta fara halarta a birnin Tokiyo cikin 1964, shekara huɗu bayan samun mulkin kai, mutum ɗaya tak ta aika, ɗan damben Turawa mai suna Isaka Dabore.

Bai samo kome a Tokiyo ba, haka kuma a Meksiko cikin 1968. Da wani ne, da ya ce ya gaji. Shi kuwa ya koma karo na uku, birnin Munik na ƙasar Jamus, cikin 1972. Ya yi ta ka da abokan karonsa har ya kai zagayen da ba a bar kowa ba sai mutum huɗu. Nan wani mutumin Bulgeriya ya rinjaye shi. To, ƙa'idar damben kuwa ita ce, su biyun da suka faɗi a wannan mataki kowannensu a ba shi lambar tagulla. Ita ce lamba ta farko da Nijar ta taɓa samu. Dabore ya rasu cikin 2021, Allah ya jiƙansa.

Daga nan sai aka shiga dogon fari. Nijar ba ta je taron 1976 ba, ba ta je na 1980 ba, sauran kuma in an je a komo hannu wofi. Cikin 2012 a Landan, Hamadu Jibo Isaka ya shiga tseren kwalekwale na mita 2,000 alhali bai fi wata uku da fara koyo ba. Ya zo ƙarshe, taro na ta yi masa tafi. Waɗansu suka ce bai kamata a sa shi ba. Amma masu shirya taron da gangan suke keɓe kujeru ga ƙasashe marasa ƙarfi, don kada wasan ya zama na mawadata kaɗai.

Sai cikin 2016, bayan shekara 44, Abdurrazaƙ Isufu Alfaga ya kai ƙarshen gasar takwando, watau faɗan ƙafa na mutanen Koriya, a birnin Riyo na Birazil. Wani ɗan Azarbaijan ya ci shi, ya komo Yamai da azurfa. Da shekara ta kewayo, cikin 2017, ya zama zakaran duniya. Sai dai a Jamus ya sami horon da ya kai shi can.

Abin lura ke nan ga mai hankali. Ƙasar da kowace shekara ake kokawa a kan takobi, jama'a su cika fili maƙil, ba ta rasa ƙarfafa ba. Abin da ta rasa shi ne wurin horo da mai ɗaukar nauyi. Fatake sun san jaki ba ya kai kaya Gwanja da yabo, sai da harawa. In hukuma da attajirai ba su kula da yara tun suna ƙanana ba, lalle za a sake jiran wata shekara arba'in.

Tamat.