Birkenhead Park

Birkenhead Park wurin shaƙatawa ne na jama'a da ke garin Birkenhead a arewa maso yammacin Ingila, tsallaken kogin Mersey daga birnin Liverpool. An buɗe shi ranar 5 ga Afrilu, 1847, a zamanin mulkin Sarauniya Victoria. Ana yawan ambatonsa a matsayin wurin shaƙatawa na farko da hukumar gari ta gina da kuɗin jama'a domin amfanin kowa da kowa.

Tarihi

A wancan zamani garuruwan masana'antu na Ingila sun cika maƙil da ma'aikata, ga cunkoso ga hayaƙi, manyan lambuna kuwa galibi mallakar sarakuna da attajirai ne. A shekarar 1843 Majalisar Dokokin Birtaniya ta bai wa hukumar raya Birkenhead izinin sayen wata fadama mai faɗin eka 226. An keɓe wa jama'a eka 125, sauran kuma aka yanka filaye aka sayar wa masu gina gidaje, kuɗin da aka samu ya taimaka wajen biyan aikin.

Joseph Paxton, wanda daga baya ya tsara ginin Crystal Palace na Landan, shi ne ya zana taswirar wurin, Edward Kemp kuma ya kula da aikin. An janye ruwan fadamar, aka haƙa tafkuna biyu, ƙasar da aka kwaso kuma aka yi tuddai da ita aka dasa itatuwa.

Abubuwan da ke ciki

Akwai babbar ƙofar shiga ta dutse, da gadar katako mai rufi da ake kira Swiss Bridge, da rumfar jiragen ruwa mai salon ginin Rumawa a bakin tafki. Paxton ya raba hanyar kekunan doki da ta masu tafiya a ƙasa. Akwai kuma filayen wasan kurket da na rugby.

Tasiri

A shekarar 1850 Ba'amurke Frederick Law Olmsted ya ziyarci wurin, ya yi mamakin ganin talaka da mai kuɗi suna shaƙatawa wuri guda. Abin da ya gani ya yi tasiri a tsarin Central Park na birnin New York, wanda ya zana tare da Calvert Vaux. A 2023 gwamnatin Birtaniya ta sanya Birkenhead Park cikin jerin wuraren da take nema wa matsayin kayan tarihin duniya na UNESCO.