SORO YA FARA ƁACEWA A KARAYE DA ROGO

Wanda duk ya daɗe bai bi hanyar Gwarzo zuwa Karaye ba, in ya je yau abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne ƙyallin kwano. Haka abin yake har Rogo. Da manomi ya sayar da masara ko rake, sai ya sayi bulo da siminti ya rushe soron da ya gada. Ba ma ganin laifinsa, domin wannan yanki ya fi arewacin Jihar Kano ruwan sama, yaɓen kowace shekara kuwa ɗawainiya ce ba ƙarama ba.

Amma akwai wani labari da ya kamata mai karatu ya ji. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya biranen Jamus sun yi fama da ƙarancin muhalli, ma'aikata na cunkushe a ɗakuna masu duhu. A 1919 Walter Gropius ya buɗe makarantar Bauhaus, wadda ta koyar cewa amfanin gini shi ne adonsa. Daga 1925 zuwa 1930 hukumar birnin Frankfurt, bisa jagorancin Ernst May, ta gina gidaje wajen 12,000 masu manyan tagogi da shimfiɗaɗɗen rufi. Wannan rufi sai ya zama abin faɗa. Da aka gina wata unguwa irin wannan a Stuttgart a 1927, masu ƙinta suka riƙa kiranta ƙauyen Larabawa don ba'a. A 1933 'yan Nazi suka sa Bauhaus ta rufe. Gropius ya koma Ingila ya yi aiki da Maxwell Fry, watau mutumin da daga baya shi da matarsa Jane Drew suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan.

To, abin da Turawa suka yi ta gardama a kansa mu nan tun kaka da kakanni muke kwana ƙarƙashinsa. Magini yakan jera tubali, ya ɗora azara ta giginya wadda gara ba ta ci, ya shafe da makuba, ya sa indararo don ruwa ya zuba nesa da bango. Katanga mai kauri takan tsare zafin rana, ta riƙe ɗumi da hunturu. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano marar sili cikin watan Afrilu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Gidan Ɗan Hausa da ke Kano na ƙasa ne, ya haura shekara ɗari, ga shi nan tsaye.

Abin damuwa shi ne hannun da ya iya aikin. Giginya ta yi wuya, azara ta yi tsada, tsofaffin maginan da suka san ɗaurin guga da bakan gizo suna ta raguwa, 'ya'yansu kuwa da dama sun koma buga bulo a bakin titi.